Janar Hassan Usman Katsina da Nauyin Tsawata wa Naka

A shekarar 1933 aka haifi wasu yara biyu a ƙasar Arewa. Ɗaya a birnin Katsina cikin gidan sarauta, ɗaya a Zungeru, ɗan wani ɗan kasuwa Igbo da ya zo ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar nan. Kowannensu ya tashi cikin wadata, kowannensu ya je Ingila neman ilimi, kuma kowannensu ya zaɓi aikin soja a zamanin da masu hali ba sa son ganin ɗansu cikin kaki. A watan Janairun 1966 Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa su gwamnonin soja a lokaci guda, Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a Jihar Gabas, Hassan Usman Katsina a Jihar Arewa. Ojukwu dai duniya ta san shi, an cika kantuna da littattafai a kansa. Hassan kuwa, in ka tari matashi yau ka tambaye shi, iyakar abin da zai gaya maka shi ne sunan wata babbar makaranta ce a Katsina, ko gidan gwamnati na Kawo a Kaduna, ko wurin shaƙatawar nan na bakin kogi. Sunan ya zauna a jikin allo, mutumin ya ɓace mana.

Wannan rashi namu ne, domin a rayuwar Janar Hassan akwai darasin da manyan hafsoshinmu na yau suka fi buƙata. Tunkarar abokan gaba abu ne da ake koya wa soja tun yana kurtu, kuma in ya yi, jama'a za su tafa masa. Abin da ba a koyarwa a filin fareti shi ne shugaba ya juyo ya fuskanci nasa, yaransa na bariki, dangin gidansu, mutanen yankinsa lokacin da ransu ya ɓaci, ya ce musu ba za a yi haka ba. A nan nake auna shi. Inda ya yi hakan ya ceci ƙasa, inda ya makara kuma an yi asarar rayuka, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

Gidan da ya fito ba ƙaramin gida ba ne. Kakansa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya kafa sarautar Sulluɓawa, sarkin da ya rungumi ilimin zamani har aka kafa Kwalejin Katsina a zamaninsa, shi ne kuma ya shigo da wasan ƙwallon dawaki garin. Mahaifinsa Sarki Usman Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, gwanin doki ne da ake ba da labarinsa har ƙasashen waje. An haifi Hassan ranar 31 ga Maris, ya yi Midil ta Katsina, ya wuce Kwalejin Barewa. Ɗan sarki mai irin wannan takarda a wancan lokaci hanyarsa a share take. Ya kama aikin En'e, a ba shi hakimci, ya jira rabonsa. Soja kuwa a idon mutanen birni aikin wanda ya rasa abin yi ne, ko wanda ya gudo daga gida. Sai ga ɗan Nagogo ya shiga soja a 1956, aka tura shi horo har Sandhurst, ya fito hafsa a 1958. Shigarsa ta wanke aikin a idon iyaye da yawa, tun kafin Sardauna da ministocinsa su fara bin makarantun sakandare suna lallashin ɗalibai su shiga. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a farkon shekarun 1960, ya dawo, kuma zuwa ƙarshen 1965 yana Kaduna da muƙamin manjo, yana riƙe da rundunar motocin sulke masu sintiri.

Daren 15 ga Janairun 1966 ya same shi a nan. Kafin gari ya waye an kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu a gidansu, an kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde a garin. A Ikko an ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Wato a dare guda Arewa ta rasa shugabanninta na siyasa da kusan duk manyan hafsoshinta. An ruwaito cewa Manjo Nzeogwu, jagoran masu juyin mulkin a Kaduna, ya je ya sami Hassan da bindiga a hannu, ya nemi ya faɗi ɓangaren da yake, shi kuma ya ba shi amsar da ta raba shi da harsashi. Akwai masu riƙe wannan a matsayin tabo. Ni ban ga tabo ba. Mutumin da aka ritsa da bakin bindiga da asuba, bai san wa ya mutu wa ya rage ba, in ya zaɓi ya rayu ya ga abin da za a iya cetowa, bai ci amanar kowa ba. Da ya mutu a ranar, da jerin gawawwakin ya ƙaru da mutum ɗaya, da kuma Arewa ta rasa wanda za ta saurara bayan kwana kaɗan.

Yana da shekara 32 aka ɗora masa yankin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya, mai mutane kusan miliyan 30 a ƙidayar 1963. Wayonsa na farko shi ne sanin iyakar saninsa. Bai zo da taron abokai ya cika ofis ba. Ya jawo tsohon gwamna Sir Kashim Ibrahim a matsayin mai ba shi shawara, ya jingina da ma'aikatan da suka taso a hannun Sardauna, irin su Ali Akilu da ke sakataren gwamnati. Ga shi ɗan sarki, ya san yadda ake zama a gaban manya, ya san lokacin da ake cire takalmi. Sarakunan da aka kashe musu Firimiya, suke kallon duk mai kaki da ido ɗaya, sun iya buɗe wa ɗan Nagogo ƙofa.

Sai dai wata biyar ba su cika ba aka ga iyakar wannan dabara. Ranar 24 ga Mayu Ironsi ya fito da Doka ta 34, wadda ta rushe tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. A kunnen ɗan Arewa, wanda ya san an bar shi a baya a karatun boko, ma'anar dokar ita ce za a kwashe masa guraben aiki. Ga kuma waɗanda suka kashe Sardauna suna tsare ba a gurfanar da su ba. Kwana biyar bayan dokar zanga-zanga ta ɓarke, ana kiran a raba, kuma nan da nan ta rikiɗe ta zama kisan Igbo a Kano, Zariya, Katsina, Funtuwa, Gusau da wasu garuruwa. Waɗanda aka kashe ba su ne suka harbi kowa ba. Teloli ne, da makanikai, da akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da matansu da 'ya'yansu. Tun watanni kafin nan ana jin ƙaurin abin a kasuwa da makarantu da ofisoshi. Gwamnan da ke da kunne a kowace fada ba zai ce bai ji ba. Ya kai kukan mutanensa ga Ironsi, wannan gaskiya ne, amma kai kuka sama ya fi sauƙi a kan tsawatawa ƙasa. Tarzomar ta wuce ba a ga hukuncin da zai tsorata na baya ba, kuma duk wanda ya ga an zubar da jini an kwana lafiya, gobe ba zai ji nauyin ƙarawa ba. A ganina wannan shi ne babban gibi a tarihin Hassan, kuma masoyansa ba su yi masa adalci ba in suka tsallake shi.

Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da gwamnan Jihar Yamma Fajuyi a Ibadan, aka bi hafsoshi da ƙananan sojojin Igbo a barikoki. Yakubu Gowon ya hau ranar 1 ga Agusta. Daga nan tarbiyyar bariki ta lalace. Saje ya daina jin maganar kyaftin, kofur na iya ɗaga wa manjo murya, domin kowa ya ga da idonsa cewa bindiga ta fi igiyar kafaɗa. A ƙarshen Satumba kisa ya dawo, ya fi na Mayu muni nesa ba kusa ba, kuma a wannan karon da hannun masu kaki a ciki.

Ranar 1 ga Oktoba abin ya kai maƙura a Kano. Sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore, suka kashe wasu daga cikin manyansu 'yan Arewa da suka yi ƙoƙarin tare su, suka fasa ma'ajiyar makamai suka bazu cikin gari. Suka je filin jirgin sama, suka je tashar jirgin ƙasa, inda mutane suka taru da 'yan ƙullin kayansu suna jiran abin da zai kai su gida, suka shiga Sabon Gari. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan hali. Sojan da ya riga ya harbe hafsansa ba shi da sauran abin tsoro, ya san in an kama shi kashe shi za a yi, saboda haka duk mai muƙamin da ya tunkaro shi abokin gaba ne. Hassan yana Kaduna. Yana iya zama a ofis ya yi ta buga waya, ya karanta jawabi a rediyo, ba wanda zai zarge shi. Ya tashi ya tafi Kano da kansa, ya shiga cikin waɗannan mutane ya tsaya a gabansu. Ba rundunar da ta fi tasu ƙarfi ya kai musu ba. Abin da ya kai shi ne fuskarsa, da muƙaminsa, da sunan gidansu, da harshen da suke ji. Boren ya lafa.

Zuwan nasa bai dawo da ran kowa ba. Dubban mutane sun riga sun mutu a faɗin Arewa a waɗannan makonni, ɗaruruwan dubbai sun kama hanyar Gabas, kuma abin da suka isa da shi a jikinsu da bakinsu shi ne ya haifi Biyafara. Duk da haka ina ganin ranar Kano ita ce ranar da Hassan ya cika janar, tun bai sami taurarin ba. Da an bar bataliya guda ta ci gaba da cin karenta babu babbaka, da sauran barikoki sun bi sahu, kuma da ba a sami rundunar da za a kira ta Nijeriya ba bayan wata tara.

Ya halarci taron Aburi a Gana ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, inda shugaban ƙasar, Janar Ankrah, ya tara shugabannin sojan Nijeriya ko za a sasanta. An dawo kowa da fassararsa. Wannan labari an ba da shi sau da yawa, ba sai na maimaita ba.

Abin da ba a cika bayarwa ba shi ne abin da gwamnatinsa ta yi wa gidan da ya haife shi. Wanda bai ga zamanin En'e ba zai yi wuya ya gane irin ikon da sarki ke da shi. Sarki na da kotunsa, alƙalai a ƙarƙashinsa suke, 'yan doka nasa ne, gidan yari nasa ne. Talaka in an kai shi gaban sarki, tun daga ƙofar fada zai tuɓe takalmi, ya shiga a durƙushe, dogarai na tsaye a kansa da jajayen riguna suna amsa wa sarki magana, shi kuwa ko ɗaga ido ba ya yi. Wanda ya sa aka kamo shi, da wanda zai yanke masa hukunci, da wanda zai tsare shi, duk igiyarsu a hannu ɗaya take. Akwai sarakuna masu tsoron Allah da suka riƙe wannan iko da adalci, amma 'yan NEPU na shekarun 1950 sun san yadda yake in ya faɗa hannun siyasa. Mutum ya yi taro ba izini, ko a ce ya zagi hakimi, sai bulala da wata shida. Malam Aminu Kano da mutanensa sun shekara goma sha suna kuka a kan wannan, gwamnatin farar hula ta yi gyare-gyare amma ba ta taɓa jijiyar ba, domin da wannan tsari take cin zaɓe.

A hannun ɗan Sarkin Katsina aka taɓa ta. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 1968, ta rufe kotunan sarakuna, ta cire alƙalai daga ƙarƙashin En'e ta mai da su ƙarƙashin sashen shari'a na gwamnati. A wannan tsakani ne kuma aka kama hanyar karɓe 'yan doka da gidajen yari. Cikin waɗanda aka rage wa iko har da mahaifinsa, yana kan gadonsa. Wani zai ce guguwar zamani ce, ko wa ke kan kujerar sai an yi. Wataƙila. Amma da wani bare ne ya zo da wannan doka, wanda ba ɗan gida ba, a shekarar da zukata ke tafasa, da an ce an zo ƙarasa abin da aka fara ranar 15 ga Janairu. Da yake daga bakin ɗansu ta fito, sarakuna suka haɗiye. Jinin sarautar da zai iya amfani da shi ya kare gatan gidansu, da shi ya yi amfani aka rage gatan.

Haka kuma batun jihohi. Jihar Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ita ce taken NPC, ita ce gadon Sardauna. Amma ƙarƙashin taken akwai ƙorafi mai tsawo. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964, Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC sun daɗe suna neman jiharsu. Kuma ga wata gaskiya da 'yan siyasa suka daɗe suna kawar da kai daga gare ta: yawancin masu riƙe da bindiga a cikin sojan da ake kira na Arewa 'ya'yan ƙananan ƙabilu ne, Tibi da Angas da Bacama da mutanen Zuru da na kudancin Zariya. Shi kansa Gowon daga cikinsu yake. Ba yadda za a ce su je su mutu don ƙasa ɗaya alhali a gida ba a saurari kukansu ba. A can Kudu kuma ba wanda zai yarda da tarayyar da yanki guda ya rinjayi sauran ukun a haɗe. A watan Mayun 1967 sarakuna da shugabannin al'umma suka taru a Kaduna suka amince a ƙirƙiro jihohi, ranar 27 ga wata Gowon ya sanar da guda 12, shida daga cikinsu a Arewa. Abba Kyari ya karɓi Kaduna, Audu Baƙo Kano, Usman Faruk Sakkwato, Musa Usman Maiduguri, Joseph Gomwalk Jos, David Bamigboye Ilori. Mutumin da jiya yake mulki daga Sakkwato zuwa Makurɗi ya wayi gari ba shi da ko gunduma. Aka bar masa shugabancin hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorin da jihohin shida suka yi tarayya a kai, ya zauna yana raba ma'aikata da motoci da fayil-fayil tsakanin waɗanda suka gaje shi, har da waɗanda ba su kai shi muƙami ba.

Har gobe akwai dattawan da ke cewa ranar ce aka karya Arewa, kuma in mutum ya dubi yadda masaƙun Kaduna suka mutu, Bankin Arewa ya narke cikin wani banki, jaridar New Nigerian ta zama abin tausayi, zai fahimci zafin da suke ji. Amma waɗannan abubuwa ba rabuwa ce ta kashe su ba. Sun yi shekaru suna aiki bayan 1967. Sakacin waɗanda suka gaje su ne ya kashe su. Abin da rabuwar ta yi a lokacinta shi ne ta cire wa 'yan Kudu tsoron danniya, ta ba ƙananan ƙabilun Gabas jihohinsu biyu, ta ba sojan Binuwai da Filato dalilin tsayawa. Kwana uku bayan sanarwar Ojukwu ya ayyana Biyafara. Ba na raina baƙin cikin da ya kai shi ga haka, mutanensa aka kashe. Sai dai gwamnonin nan biyu kowannensu ya sami jama'arsa cikin fushi tana kiran a raba, ɗaya ya shige gaba ya ja su inda suke so, ɗaya ya yarda a rage masa kujera don a zauna tare.

Yaƙi ya fara ranar 6 ga Yulin 1967. Bayan Babban Hafsan Sojan Ƙasa Kanar Joseph Akahan ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu, a watan Mayun 1968 aka naɗa Hassan a kan kujerar, ya riƙe har Janairun 1971. Rundunar da ba ta fi mutum dubu goma ba kafin rikicin ta kumbura ta kai wajen 250,000 a ƙarshen yaƙi. An kirawo 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama, an ɗebo samari daga gona da tasha da kasuwa, a yi musu horon 'yan makonni a miƙa musu bindiga. Ciyar da wannan taro, da tufatar da shi, da kai masa harsashi, aikin hedikwata ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma a nan ma tsohuwar matsalar ta sake ɗago kai. Kwamandojin rundunoni uku da ke bakin daga kowanne ya zama sarkin yankinsa, suna gasa da juna, wani ma har sayen makamansa yake yi, umarnin Ikko sai wanda suka ga dama. Sai da Owerri ta kuɓuce a watan Afrilun 1969 sannan aka yi ta maza. A watan Mayu aka sauya su duka, Obasanjo ya karɓi rundunar Benjamin Adekunle, Iliya Bisalla ya karɓi ta Muhammadu Shuwa, Gibson Jalo ya karɓi ta biyu. Wata takwas bayan haka Philip Effiong, a madadin Biyafara, ya miƙa wuya a Barikin Dodan, ranar 15 ga Janairun 1970. Da an yi wannan sauyi da wuri, da yaƙin bai kai wata talatin ba, kuma kowane wata da ya ƙaru yara ne ke mutuwa da yunwa a yankin da aka killace. Mutanen da suka salwanta a yaƙin ana maganar miliyan ne ko fiye. Duk wanda ya zauna a teburin da aka tafiyar da shi yana da kasonsa na wannan nauyi, har da Hassan.

Bayan yaƙi ya koma hedikwatar ƙoli, ya kai Manjo Janar. Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon na taron ƙasashen Afirka a Kamfala, aka kifar da shi, sabuwar gwamnatin Murtala ta yi wa manyan janar-janar ritaya. Hassan yana da shekara 42. Ya tuɓe kaki ya koma Kaduna da sarautarsa ta Ciroman Katsina da dawakinsa. Ya ga yaran da suka yi masa saluti sun hau kujerar shugaban ƙasa ɗaya bayan ɗaya, bai jagoranci juyin mulki ba, bai nemi kujerar ba. Ya rasu ranar 24 ga Yulin 1995.

Dalilin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne halin da muke ciki. Yau soja na cikin kusan kowace jiha ta Arewa, a kan hanya, a ƙauye, a bakin kasuwa. Jihar da ta haifi Hassan ita ce aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma mutanen Batsari da Jibiya da Faskari sun san abin da ake nufi da kwana ido biyu. Muna buƙatar soja, kuma yaran da ke mutuwa a dazukan nan 'ya'yanmu ne, sun cancanci addu'a da kayan aiki da albashi a kan kari. Amma rundunar da ke cuɗanya da farar hula kullum dole wata rana ta yi ɓarna, kuma a ranar ne ake gane irin shugaban da take da shi. A Disambar 2015 sojoji sun yi kisa a Zariya, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta tabbatar da cewa an binne mutum 347 a rami guda, ta kuma nemi a hukunta masu hannu. Har yau jama'a ba su ga an gurfanar da wani hafsa a kan wannan ba. A Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum 85 aƙalla suka mutu. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, wanda a lokacin yake kan kujerar da Hassan ya taɓa zama, ya taka ya je ƙauyen, ya tsaya gaban iyayen mamatan ya ba da haƙuri. Wannan zuwa ya yi daidai, kuma na yaba masa. Saura rabin na biyu, wanda ya fi wuya: a faɗa wa jama'a abin da bincike ya gano, wa ya ba da umarni, me aka yi masa, me aka gyara don kada a sake.

Ga kuma samarinmu da ke ta yabon juyin mulki a Facebook da TikTok tun da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, suna cewa mu ma a zo a yi mana. Na san yunwa da rashin tsaro da rashin kunyar 'yan siyasa ne suka kai su ga wannan magana. Amma su karanta 1966. Waɗanda suka fito a daren Janairu su ma gyara suka ce za su yi, kuma akwai waɗanda suka yi musu tafi. Cikin wata goma sha takwas an yi juyi na biyu, an yi kisan ƙare dangi a garuruwanmu, an shiga yaƙin basasa. Bindiga in ta fita daga ƙarƙashin doka, wanda ya fito da ita ma ba ya iya mai da ita.

Kirana ga Gidan Arewa da ke Kaduna, da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, da gwamnatin Jihar Katsina, shi ne su haɗa hannu a tattara takardun Janar Hassan da jawabansa na rediyo, a fitar da cikakken tarihinsa da Hausa, da alherinsa da kurakuransa, a saka shi cikin abin da ake koya wa ƙananan hafsoshi. Tsofaffin sojojin da suka ga 1966 da yaƙin basasa saura kaɗan, mafi ƙuruciyarsu ya haura saba'in. Duk mai irin wannan dattijo a gidansu ko a unguwarsu, ya ɗauki wayarsa ya je ya zauna da shi ya naɗi abin da ya gani tun yana iya faɗa. Allah ya jiƙan Ciroman Katsina, ya jiƙan duk waɗanda aka kashe ba da haƙƙinsu ba a waɗannan shekaru, na Arewa da na Kudu.